Rasuwar Ƙotar Bindigar Usta Sher Baz

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Zarif ɗan marigayi Usta Sher Baz, maƙerin bindiga a garin Darra, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar ƙotar bindigar mahaifinsa, ranar Laraba da hantsi, tana da shekara hamsin da biyu. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Jin kunyar tsohon abu ne, da gaggawa.

Marigayiyar icen zaitun ce, ɓari biyu, ƙusa ɗaya ta haɗa su. Usta ne ya sassaƙa ta ranar da ya gama ƙera ƙaramar bindigarsa libarba mai cin albarushi, kwaikwayon ta Turawan da, da ido kawai, ba ma'auni. Ta sha hayaƙi ta sha gumi har ta yi baƙi. Da ita aka yi harbin murna ranar da aka haifi Zarif. Ba ta taɓa zamewa a hannu ba, ba ta da surutu sai "ƙwas" in an ajiye ta a kan akwati. A ɓarinta na hagu akwai gurbin da babban yatsan Usta ya ci a jikin icen. Shekara tara ke nan da binne shi, in kewa ta taso, Zarif yakan sa yatsansa a gurbin nan, ya ji kamar sun gaisa.

Ciwon ajali ya same ta a zaure, ana shan koren shayi. Mirdad, ɗan baffan Zarif, ya juya ta ya ce, "Yaya, wannan ƙota ce ko guntun gawayi?" Kowa ya yi dariya, ban da Zarif.

Kwana uku yana zaga kasuwa har ya samo sabuwa ta ƙashin raƙumi, fara tas. Ta ƙi zama a jikin bindigar. Ina za ta zauna, a garin da ba bindiga biyu masu ƙugu ɗaya? Tsoho Nek Amal mai sassaƙar ƙota ya ce, "Ɗana, bar mini ita mako guda in rage ƙashin a hankali. Kada ka kuskura ka taɓa ƙarfen." Amma Zarif so yake Mirdad ya gani ranar Juma'a. Ya koma gida ya sa wa ƙarfen mahaifinsa magagari yana gurzawa, ya ci har ya wuce. Sabuwar ta kama rawa. Ya ce to, tsohuwa ta koma ɗakinta. Ita ma sai ta yi wa ƙarfen yawa. Ya murɗa ƙusa, ya ƙara murɗawa. Ta ce "ƙas", sau ɗaya. Tsagar ta ratsa tsakiyar gurbin yatsan.

Ta rasu ta bar bututu, da ɗakunan albarushi shida, da kunama wadda ba mai sake jan ta. Shi kuwa Zarif, ƙarfe ya lalace, ƙashin raƙumi bai zauna ba, yatsan uba ya tafi.

Ba za a yi mata salla ba, ice ce. Za a naɗe ta a yankin rawanin Usta, a binne ta gobe bayan la'asar a gindin zaitun na bayan gida. Ba harbi. Mirdad na iya zuwa, amma ba za a miƙa masa komai ya duba ba. Masu zuwa gaisuwa su yi wa Zarif uzuri in ya riƙe musu hannu ya daɗe bai saki ba.