Ranar da Na Cire Falmaran Baƙi

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Alƙahira ba, ranar da bakina ya kai ni inda ƙafafuna suka kasa dawo da ni. Har yau in na yi dariya mai ƙarfi, haƙarƙarina na hagu yakan tuna min.

Bari in fara da yadda aka yi mutum irina, haifaffen Gumel, wanda ya zo Masar karatun shari'a ya ƙare a sayen abaya da takalma a kasuwar Ataba yana aika wa 'yan kasuwar Kano, ya zama masoyin ƙwallon Amurka. Ba ƙwallon ƙafa da kuka sani ba. Wannan mai siffar ƙwai ce, a hannu ake rungumarta a ruga da gudu, ƙarti sanye da hular kwano da sulken kafaɗa suna bin mutum su maka shi da ƙasa. Abokin sana'ata Siddiƙ ne ya shafa min ciwon. Bahaushen Sudan ne, mazaunin unguwar Arba wa Nus, kuma shi har buga wasan yake a wata ƙaramar ƙungiya ta samarin Alƙahira. Wata rana muna jiran mai shago ya dawo daga sallah ya nuna min wasa ɗaya a waya, shi ke nan na kamu. Muka zaɓi wata ƙungiyar ƙwararru ta wani gari mai sanyi a Amurka (garin da ko a taswira sai na yi lalube nake samunsa), muka ce tamu ce. Daga nan sai ka ji ni ina "mun ci", "an cuce mu", kamar da ni aka raba gumin.

Abin haushin wasan nan, gasarsa gajeriya ce. Watanni kaɗan an gama, sauran shekara babu komai sai atisaye, mu kuma sai 'yan guntayen bidiyon da ake sakowa daga filin atisayen. Da su muke rayuwa a guruf ɗinmu na waya, inda ɗalibai da 'yan kasuwa da wani ma'aikacin ofishin jakadanci suka taru suna koya wa Amurkawa wasansu.

A shekarar da nake ba ku labari ƙungiyarmu ta ɗauki sabon koci, shi kuwa ya zo da wani salo da ya tsaya min a rai. Ya rage karo a atisaye. Duk bidiyon da aka sako sai ka ga ƙarti cikin gajeren wando suna taɓa juna da tafin hannu. Dama akwai al'adar sanya wa mai jefa ƙwallo jar riga a atisaye, alamar kada kowa ya taɓa shi. To wannan kocin sai ya shiga raba jar rigar ga duk wanda ya ce gwiwarsa ko kafaɗarsa na damunsa. Na sa mata suna rigar shagwaɓa. Guruf ya rabu biyu. Ni ne jagoran masu cewa a bari su daki juna, jiki ba ya sabawa da duka sai da duka. Siddiƙ ne jagoran masu cewa ɗan wasan da ya karye a atisaye asara ce tsagwaronta. Saƙonnin murya nake turawa masu tsawo, irin waɗanda mutum kan kunna ya ajiye waya ya tafi alwala. Har aka daina kirana da sunana, aka koma ce min Koci. Da farko zolaya ce, amma ni na karɓe ta hannu bibbiyu, kuma gaskiya ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

Wata ranar muna shan shayi a wata ahawa, wato shagon shayi, kusa da gidan Siddiƙ, na sake ɗauko zancen ina kumfar baki. Ya bari na gama, ya ajiye kofinsa.

"Ya zol, ɗan uwa, ka taɓa jin yadda karon nan yake?"

"Ni da na yi dambe a Gumel?" na ce. (Sau ɗaya ne, ina yaro, kuma raba mu aka yi.)

"Tamam, da kyau. Ranar Juma'a bayan la'asar muna da atisaye. Ka zo ka ɗauki ƙwallo ka ratsa mu. In ka fita da ƙafarka, ni da bakina zan faɗa wa guruf cewa kai ke da gaskiya. In ba haka ba, khalas, shi ke nan, ka ajiye sunan Koci."

Kafin in isa gida ya riga ya sanar a guruf. Babu sauran hanyar ja da baya.

Akwai abin da ban gaya muku ba. Na haura arba'in, ina da tumbi daidai gwargwado, kuma bayana ya taɓa riƙewa a Ataba garin ɗaga dilar kaya, har sai da na yi jinya a kwance. Likita ya ce ko buhun shinkafa kada in kuskura. Matata Sa'adatu ce ta yi wannan jinyar, ita ta san daren da ban iya juyawa sai ta juya ni, ita ta san yadda gida ya yi tsit da na daina fita kasuwa. Da na gaya mata inda za ni, na shirya wa faɗa. Sai ta dube ni kawai.

"Abban Hanan, bayan nan naka shi ke ciyar da mu fa."

"Wasa ne kawai, Sa'a. Sulke ake sawa."

"To Allah ya tsare," ta ce, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na yi mamakin saurin haƙurinta, amma na ɗauka ta fara gane da wa take aure.

Ranar Juma'a na hau ƙaramar bas daga unguwarmu Faisal, na sauya wata, na isa filin wata cibiyar matasa ina tsiyayar gumi tun kafin a fara. Da na ga yaran sai na ja na tsaya. A waya ƙanana suke. A fili kuwa akwai wanda in ya tsaya a ƙofar ɗakina haske ba zai shigo ba. Kocinsu, wani Bamisire mai furfura da kowa ke ce wa Kaftin, ya riƙe hannuna da fara'a yana "ahlan, ya Hajji". Yaran kuma suna ta ce min "ammu", wato baffa. Aka ba ni hular kwano mai warin kan wani, aka ɗaura min sulke, sannan Siddiƙ ya miƙo min wata 'yar falmaran ruwan ɗorawa.

"Ɗora wannan a sama. Ta baƙi ce."

Na ɗora, har da gyara ta a kan tumbi. A duk filin mu biyu ne ke sanye da ita, ni da wani yaro mai ɗingishi da ya naɗe gwiwa da bandeji. Ban kawo komai a raina ba. Na ce lallai Masarawa sun san darajar baƙo.

Aka jera, aka busa usur, aka danna min ƙwallo a ciki. Na runtse ido na ruga. Jama'a, abin al'ajabi! Ƙaton farko ya taho kamar zai haɗiye ni, da ya iso sai ya goce ya wuce. Na biyu ya ɗan shafi kafaɗata ya tsaya. Na uku ma da na yi tuntuɓe shi ya tallafe ni na miƙe, na ɗauka ƙoƙarin kayar da ni ya yi ya kasa. Na isa ƙarshen fili ina haki, yara suna tafi suna "Allah, ya ammu!" Aka sake, na sake ratsa su. A karo na gaba har wata 'yar kwana na yi irin wadda nake gani a bidiyo. Na ce a raina, ashe shekarun nan duk a banza na yi su a Ataba.

Da aka ba da hutun shan ruwa na ɗauko waya, na tura wa guruf saƙo da sauran numfashina: "Ga ni a fili. Ko ɗaya bai iya kai ni ƙasa ba. Wanda ke da ja ya shigo kiran bidiyo ya gani da idonsa." Suka kuwa shigo, kusan kowa. Na jingina wayar da jarkar ruwa, na saita ta tana kallon fili. Da na ga kaina a ciki sai falmaran ɗin ta ɓata min rai. Ta matse min tumbi, ta mai da ni kamar mai ba da hannu a titi. Siddiƙ yana can ɗaya gefen filin, Kaftin yana nuna masa wani abu. Na tuɓe ta na jefa kan jaka, na koma layi na ce, "Yalla, sau ɗaya kuma."

Yaran da suka san ni tun farko ba su damu ba, su dai sun san baffa ne. Abin da ban sani ba shi ne, a lokacin hutun nan wani ɗan wasa mai suna Mahmud ya iso a makare, cunkoso ya riƙe shi. Ya sa hularsa a gurguje ya shiga layi, yana neman abin da zai wanke kansa a wurin Kaftin. Bai san da wani baƙo ba. Abin da ya gani kawai shi ne mutum da ƙwallo, ba falmaran.

Na ɗauki ƙwallo, na wuce na farko, har na waiga wajen waya don a ga fuskata.

Ban ga zuwansa ba. Na dai ji kamar dilar kaya ta faɗo min daga saman mota. Sama ta koma ƙasa, ƙwallo ta yi nata wuri, takalmina ɗaya ya yi nasa. Da iskar farko ta dawo ƙirjina, ni mai 'ya'ya, ni da na karanta shari'a, ni Koci, ban yi salati ba, ban yi kalmar shahada ba. Abin da ya fito daga bakina da ƙarfin da har masu wanki a benen da ke kallon filin suka leƙo shi ne:

"Wayyo Inna! Inna, na mutu!"

Innar tana Gumel. Guruf kuwa yana nan jingine da jarka, yana ji yana gani.

Kaftin ya rugo, usur yana lilo a wuyansa, yana ihu da Larabci: "Wa ya cire wa Hajji rigar? Wa ya cire?" Ya durƙusa a kaina yana taɓa wuyana da bayana, yana cewa in motsa yatsun ƙafa. Da suka motsa ya yi ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillah, sannan ya ɗago falmaran ɗin yana kaɗa ta a fuskata.

"Ya Hajji, wannan ba ado ba ce! Duk wanda ya sa ta haramun ne a taɓa shi. Madam ɗinka ta kira Siddiƙ, ta ce bayanka ba lafiya, ta haɗa mu da Allah. Na yi mata alkawari!"

Ina kwance ina kallon sama, maganar ta shige ni a hankali. Rigar shagwaɓa ce. Ni da na shafe watanni ina zaginta, launi kawai aka canza min na kasa gane ta, na sa ta ina taƙama, har ina kiran shaidu. Daga wajen jarka ina jiyo wata dariya siririya tana fitowa daga wayata, na gane muryar mutumin ofishin jakadanci. Kunya ta fi haƙarƙarin ciwo. Da ana iya shiga cikin hular kwano gaba ɗaya, da na shige.

Mahmud kuwa, wannan ƙaton, ya cire hula ya tsuguna yana hawaye yana "ma'alish, ya ammu, yi haƙuri, wallahi ban sani ba". Sai da na koma ni ke ba shi haƙuri. Shi da Siddiƙ suka ɗauke ni cak zuwa tasi, suka kai ni asibiti. Allah ya rufa asiri, bayan bai taɓu ba, haƙarƙari ne ya bugu. A hanya Siddiƙ takalmina kawai ya riƙe a cinyarsa, kafaɗunsa suna rawa saboda danne dariya.

Da suka shigar da ni gida, Sa'adatu ta buɗe ƙofa ta ga yadda aka riƙo ni, fuskarta ta canza. Ba ta tambayi komai ba sai abu ɗaya: "Bayan ne?" Siddiƙ ya ce a'a. Sai ta dafa bango ta sauke numfashi. A nan ne abin ya daina ba ni haushi ya koma ba ni tausayi, don sai a lokacin na gane da wace irin fargaba ta wuni.

Bayan sun tafi ta shimfiɗa min tabarma a falo, tana shafa min man zafi ina cije leɓe. Na daure na ce, "Sa'a, ai da kin gaya min abin da rigar nan take nufi."

Ba ta ɗago ba. "Da na gaya maka, da tun a bakin fili za ka cire ta."

Gaskiyarta ce. Shekarunmu tare sun wuce a ce na yi mata ƙarya ina kwance a hannunta.

Na dawo guruf bayan na warke, kuma har yanzu ina tsoma baki a muhawara, sai dai saƙonnina sun gajarce, kuma in aka zo zancen kocin ƙungiyarmu nakan ce mutumin ya san aikinsa. Abin da na koya bai da yawa. Idan na ga hanya tana ta buɗe min, ƙarti suna ta kauce min, yanzu ba na saurin cewa jarumtata ce. Nakan fara tambayar kaina wa ya riga ni yin waya.