Koriyar Rigar da Na Tsinta a Dila

Ko komai zai goge a kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar Lahadin da na tiƙi rawa a bakin bodar Jibiya ba. Ni ɗan gwanjo ne, aikina fasa dila, kuma ina taƙamar cewa da na taɓa riga na san asalinta. To wannan taƙamar ce ta kai ni ta baro.

Lokacin ina neman auren Hadiza, malamar firamare a garin Kusa. Mahaifinsu ya rasu, magana duk tana hannun yayanta Sanusi, ma'aikacin jinya da ya daɗe a Ireland, ya zo hutu da damina. Sau biyu ina zuwa gaishe shi, sau biyu yana amsawa kamar mai ciwon haƙori. Kwana huɗu suka rage ya koma, Hadiza kuma ta ce in ya hau jirgi bai ce komai ba, sai baɗi. Ni kuwa har na yi wa ɗaki fenti.

Ita ce ta tsegunta mini lagonsa. Wai mutanen can suna da wani wasa, hurling, kamar ƙwallon gorar da muke yi da ƙwallon goriba muna yara, sai dai su a sama suke dukan tasu. Ranar Lahadi za a yi karawar ƙarshe, Yaya har ya kasa cin abinci don sabis ɗin gidansu ba ya ɗaukar bidiyo. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Kowa a Jibiya ya san in namu ya ƙi, sai a matsa bakin boda a kamo rezon Nijar, wato sabis ɗinsu, ni kuma ina da layinsu.

Ana gobe wasa na fasa dila, sai ga riga koriya shar, da gora biyu a gicciye a ƙirji, da wani rubutu wanda ba Turanci ba. Na ce Allah ya kashe ya ba ni. (Hujjata ke nan: na taɓa jin cewa kore ne launin Ireland, na kuma ɗauka ƙasar ce za ta kara da wata ƙasa. Ban tambayi kowa ba. Wa zai koya wa ɗan gwanjo riga?) Na wanke ta, na goge, na saka ƙarƙashin kaftani. Niyyata sai mun ci in bayyana ta, Yaya ya ga irin surukin da yake neman yin asara.

Na ɗauko shi a babur, da jan ƙyalle naɗe a wuyansa cikin wannan gumi. Na ce masa sannu da mura. Muka zauna gefen manyan motocin da ke jiran kwastan, ya kamo wasan da kansa a wayata, amma hoton ya yi ta tsayawa. Wani direba ɗan Maraɗi ya ce rezo yana sama. Nan take na haye wani durom, na ɗaga wayar sama da kaina, fuskarta na kallon su. Hoto ya zauna ras.

Haka na tsaya. Su suna kallon wasa, ni ina kallon ƙeyar tirela. Direbobi suka taru, kafin minti goma sun rabu gida biyu, har da mai gyara wa alƙalin wasa kuskure. Ina jin suna cewa ja sun ci, sai raina ya ɓaci. In ji kore sun rama, sai in murmusa. Yaya dai yana ta cizon ɗan yatsa. Da aka tafi hutun rabi muka yi la'asar, na koma kan durom ɗina, zuciya fes.

Can wasa ya zo wajen ƙarshe. Sai direbobin suka kwashe da ihu, wai kore sun zura a raga, an tashi.

Ban san lokacin da na diro ba. Na tuɓe kaftani, na wurga shi kan kabin tirela, na buga ƙirji daidai gora biyun nan, na shiga rawa. Rawa fa ta gaske, har da juyi. Direbobi suka kama tafi, ni kuma na ƙara wuta, ina zagaya Yaya ina cewa mun ci. Daga ƙarshe na rungume shi, mutumin da ko hannu bai taɓa ba ni da kyau ba.

Ya janye jikinsa a hankali. Idonsa jawur. Ya dubi rigar, ya dube ni.

"Wagga riga, ka san ta su wa ce?"

Na ce tamu ce mana, Yaya, ta Ireland.

"Duk su biyun 'yan Ireland na. Kore su na maƙwabta, ba mu ga-maciji. Ja su na garin da nike zaune can. Ɗana ma goyon bayansu yake, shina can shina kuka."

Sai a lokacin na dubi jan ƙyallen wuyansa da kyau. Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na juya neman kaftani, ashe an sallami tirelar, tana can ta nufi Nijar da shi. Haka na goyo Yaya har gida, koriyar rigar a gaban hancinsa.

Kwana biyu ban fita kasuwa ba, na fara tunanin wa zan ba ɗakin haya. Ana gobe tafiyarsa Hadiza ta kira, dariya ta hana ta magana, da ƙyar na ji cewa Yaya na nemana. Na same shi yana haɗa kaya. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Duk wanda zai ɗaga hannu sama da awa guda don wasan da bai san kanshi ba, zai iya zama da Hadiza. Ka turo manyanka."

Sannan ya zaro jar riga daga akwati ya miƙo mini, ya ce ita zan saka ƙarƙashin babbar riga ranar ɗaurin aure. Na saka kuwa, na sha gumi.

Koriyar yanzu da ita Hadiza ke sauke tukunya. Direbobin boda kuma har yau Kore suke kirana, wasunsu ba su ma san sunana na yanka ba. Ni dai na koyi abu ɗaya: na san ƙyalle, na san ɗinki, amma kafin ka yi rawa da rigar gwanjo, tambayi wa mai ita yake gaba da shi.