Kan Famfo da Man Gwiwa

"Gajiya ta bi lafiya. Ina aikena? Ka tsaya min a bakin ƙofa kamar mai karɓar haya."

"Ki bari in numfasa mana, tsohuwa. Wannan benen naki ko jaki ya hau sai ya nemi fansho."

"Ai ga shi ya hau."

Haka Kaka da jikanta suke gaisawa kullum, mu maƙwabta har mun daina ɗaga labule. Shi ma'aikacin hukumar ruwa ne, abin takaicin kuwa shi ke hawo mata da jarka a kafaɗa kowace safiya, don famfon gidan ya ƙafe tun rikicin zaɓe, rikicin da ya ci ubansa. Da aka gaji da binne mutane sai manyan ɓangarorin biyu suka yi musabaha, suka kafa gwamnatin haɗin gwiwa. Tun ranar Kaka take jiran ruwa. Jiya ta aike shi ya sayo sabon kan famfo, tsohon ya yi tsatsa. Yau ga shi ya turo wata jibgegiyar roba mai murfi.

"Wannan fa? Kan famfo na ce, ba makara ba."

"Aiki biyu za ta yi miki. Yau ki zuba ruwa, gobe mu zuba ki."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Sai na tsefe maka furfura tukuna. Allah Ya haɗa ni da mijin banza, a aike shi gabas ya dawo da yamma a ka."

"Me za ki yi da kan famfo? Sarƙa za ki yi da shi?"

"Ruwa zai dawo. Na ji a rediyo."

"Rediyo ba ta zuwa wurin aikinmu. Shugaba biyu gare mu yanzu, kowane ɓangare ya kawo nasa. Ɗakin inji kwaɗo biyu ne a ƙofarsa. In mai wannan mabuɗin ya zo, mai wancan yana taro. In wancan ya iso, wannan ya yi fushi an ajiye kujerarsa nesa da fanka."

"Ku kuma kuna me?"

"Muna gadin kwaɗo."

"Ƙarti majiya ƙarfi! To ni za ka gaya wa haɗin gwiwa? Gwiwa biyu gare ni, ga su nan. Ta dama ta ce a tashi, ta hagu ta ce ba a shawarce ta ba. Kullum da asuba sai mun yi zaman sulhu a bakin gado."

"Shi ya sa nake jin ƙara tun daga ƙasa, na ɗauka ƙofa ce."

"Yi dariyarka. Amma duk gardamarsu, a ƙarshe tashi suke yi, don sun san jiki ɗaya suke ɗauke da shi. Waɗancan ma za su tuna."

"Naki suna jin kunyarki ne. Waɗancan kuwa sun raba kujeru, sun raba motoci, har labulen ofis sun raba. Mu ne kawai ba a san a rabon wa muka faɗa ba."

Kaka ta juya ta dubi abin da ya kawo. Ta jawo robar, ta buɗe murfin, ta leƙa har ƙasa, ta daɗe tana kallon cikinta.

"Maigida."

"Na'am, amarya."

"Mai kawo ruwa kullum ba ya sayen irin wannan. Wannan ta wanda za a daɗe ba a gani ba ce. Yaushe za ka tafi?"

Ya sunkuyar da kai yana murza igiyar jarka.

"Jibi. Na samu aiki a ƙetare. Na yi magana da ɗan garuwa, zai riƙa cika miki ita."

"Wato saki ka kawo min a cikin roba."

"Ba saki ba ne. Yaji na yi."

"Namiji da yaji! Abin da ya rage a ƙasar nan ke nan."

Ni da nake shanya a baranda sai da zuciyata ta karye, domin duk gidan nan mun san shi kaɗai ya rage mata.

"Gwiwata ta yi sanyi, Kaka," in ji shi, rabon da in ji ya kira ta da wannan sunan har na manta. "Ruwa yana nan maƙil a madatsa. Injin lafiyarsa ƙalau, ta taga nake leƙensa. An kashe babana a kan wa zai hau kujera, yau duk su biyun sun hau, mu ko ruwan wankan gawa saya muke yi. Na gaji da zama ina kallon ƙofa."

Kaka ta dafa bango ta miƙe, gwiwoyin suka yi ƙararsu. Ta ɗaga matashi ta ciro 'yar kwalbar man da take shafawa, ta danƙa masa a tafin hannu.

"Ungo. Safe da yamma."

"Ke fa?"

"Tawa ciwo take yi, ba ta mutu ba. Ka fi ni buƙata, ragon miji."

Ya fashe da dariya, hawaye na bin kumatunsa. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da kan famfo sabo fil.

"Na san ba za ki bar ni in sakata ba, rigimammiya. Kin ci."

"Yaushe na taɓa faɗuwa?"

Ya durƙusa ya kwance tsohon, ya ɗaura sabon, ya murɗa. Ko iska ba ta fito ba. Zai rufe ke nan ta buge masa hannu.

"Bar shi a buɗe."

"In ruwa ya zo ba kya nan, ɗakin zai cika."

"Ya cika. Ina zan je da ba na nan? Ranar da na ji ya yi tari, da gwiwoyin nan zan sauka benen in zo bikonka, ko a bayan duniya kake."

Ranar da ya faɗa kuwa ya tafi. Kaka ta tura robar ƙarƙashin famfon, ta jawo kujerarta kusa. Yanzu in labarai suka fara, rage muryar rediyon take yi, wai kada surutunsu ya hana ta jin ɗigon farko.