Gumin Gilashi a Hanyar Kaikai

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar daminar bara ba, kuma Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Ita ce ranar da aka damƙa mini makullin motar lantarki, aka ce in kai surukata gidan suna a Kaikai.

Sai na fara ba ka labarin Hajiya tukuna, in ba haka ba ba za ka gane girman abin da na aikata ba. Matata Zainabu ita ce 'yar farinta, saboda haka kunyar da ke tsakanina da Hajiya ba ƙarama ba ce. Shekara bakwai da aurenmu ba ta taɓa kiran sunana ba, ni kuma ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. In na je gaisuwa daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa tana kallon bango. In tana da magana da ni sai ta faɗa wa wanda ke kusa, shi ya miƙo mini, alhali kunnena ya riga ya ji komai. Amma labari yana iso mini cewa a bayan idona tana yabona. Wai duk cikin mazan 'ya'yanta ni ne mai natsuwa, ni ne wanda za a ba amana a koma a yi barci. Ba zan ɓoye maka ba, wannan yabon ya fi mini komai daɗi, kuma shekara bakwai ina lallaɓa shi kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

Motar ta Kabiru ce, ƙanin matata, wanda ke aiki a Kano. Ya iso Kankia ranar Juma'a da niyyar shi zai kai Hajiya, sai ya wayi gari zazzaɓi ya kayar da shi. Aka aiko mini. Na same shi a kwance cikin bargo, ya miƙo makulli yana cewa, "Yaya, tsaya in nuna maka abu biyu zuwa uku, musamman in ruwa ya sauko."

Na ce, "Kai Kabiru, ina tuƙi tun kana yawo ba wando. Mota ai mota ce. Sha maganinka."

(Gaskiyar magana, tuƙina na babur ne. Motar da na sani ita ce tsohuwar a-kori-kurar makarantar da nake koyarwa, wadda gilasanta suka daina rufuwa tun kafin a ɗauke ni aiki. Amma ina ni ina tsayawa ƙanin mata ya koya mini darasi?)

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tsoron motar nake ji. Ranar da ta shigo gari, bayan la'asar, 'yan majalisarmu sun zauna sun feɗe ta tas, duk da ba wanda ya taɓa shiga irinta. Wani ya ce batirin a ƙarƙashin kujeru yake, wato a kan wuta kake zaune. Wani ya ce in ta kama, ko ruwan rijiya goma ba ya kashe ta. Wani ya rantse cewa da ta ji zafi ƙofofinta ke kulle kansu. Har da mai nuna mana bidiyo a waya, wata mota a wata ƙasa tana ci da wuta. Na yi dariya na ce jahilci ne ke damunsu. Amma duk maganganun nan sun shige ni sun samu wuri sun zauna.

Muka loda kaya ana yayyafi. Hajiya ta zauna a baya, daidai bayan kujerata, don kada idanunmu su haɗu ko a madubi. Ƙanwarta Inna Hanne ta shiga gaba, ita ce mai isar da saƙo tsakaninmu. A can bayan kujeru kuma aka ajiye wata ƙatuwar kula cike da farfesun kan rago, wanda aka sauke daga murhu yanzu-yanzu.

Kafin mu bar Kankia na yi dabaru guda biyu, kuma a lokacin har yaba wa kaina na yi. Na farko, na kashe esi, tunda na san babu inda za a yi caji a Kaikai, kada sanyin banza ya cinye mana batir. Na biyu, na ga wani maɓalli mai hoton mota da kibiya ta lanƙwasa a cikinta. Na ce lallai wannan shi ne mai mayar da wuta cikin batir. Na danna shi da ƙarfin zuciya, ya kawo haske, na gyara zama.

Mun sauka daga babban titi ke nan mun kama hanyar Kusada, sai sama ta ɓalle. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na rufe gilasai ruf. Ga mutum uku muna numfashi, ga tufafinmu da danshin yayyafi, ga kula tana nata aikin a baya. Ba a jima ba sai na ga gefen gilashin gaba ya fara dushewa. Na ƙara wa waifa gudu. Tana ta kai da kawowa, amma ko alama. Na sa tafin hannu na goge, wuri ya buɗe kaɗan, kafin in mayar da hannu kan sitiyari ya sake rufewa. Na cire hulata, sabuwar zanna da na ajiye don ranar, na shiga shafa da ita.

Nan tsoro ya fara hawa mini. Ban ga kwalta ba, ban ga gefen hanya ba, gilasan gefe duk sun yi fari fat. Kuma abin da ya fi ɗaga mini hankali, motar ba ta da ƙara. A-kori-kurarmu in tana da ciwo za ta yi tari, ta yi gurnani, ka san inda ka dosa. Wannan kuwa shiru take tafiya, ba ka san me take ƙullawa ba. Wata babbar mota ta danno ham ta wuce mu, har na ji iskarta ta girgiza mu, ni kuwa ban gan ta ba sai inuwa. Ina ta karanto duk addu'ar da ta zo mini, har da ta shiga kasuwa.

Sai muka faɗa wani rami, gwaf. Bayan nan na ji wani wari ya cika motar, warin ƙauri, irin na abin da ya babbake. Na ɗaga ido na dubi madubi. Wani farin abu yana tasowa daga baya, yana murɗawa sama.

Inna Hanne ta shaƙi iska ta ce, "Ni kam ƙaurin mi nike ji haka?"

Shi ke nan. Duk 'yan majalisarmu suka tashi tsaye a cikin kaina. Na taka birki, na yi gefe da motar, na ƙwala ihu, "Innalillahi! Batir! Wuta!" Na yunƙura zan fita bel ya fizgo ni baya, na ce to ga kullewar da ake faɗa ta fara. Ban san yadda na ɓalle shi ba. Na dai san na tura ƙofa, ta buɗe, na banko ta a bayana (wai don kada iska ta shiga ta hura wutar, ka ji ilimi), na faɗa gonar gero da gudu.

Na yi gudu ranar. Ni da likita ya ce in riƙa motsa jiki na ce gwiwa ba ta bari. Na tsallake kunya-kunya, ganyen gero yana marina, takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo ban ko waiwaye shi ba. Ban tsaya ba sai gindin wata tsamiya, inda na tarar da wani dattijon makiyayi ya fake da malafarsa, shanunsa sun taru sun sunkuyar da kai.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Lahiya, Malam? Mi ya koro ka?"

Ina haki na ce, "Baba, matsa nesa! Motar can ta lantarki ce, yanzu za ta tashi!"

Ya leƙa ta gefen tsamiyar ya hangi motar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To kai kaɗai ne cikinta?"

Wallahi sai a lokacin na tuna. Ban ce na tuna ina gudu na danne ba, a'a, sam babu su a raina. Uwar matata, kakar 'ya'yana, matar da ta ce ni ne na ba amana, na rufe ta a cikin abin da na yi imani wuta ce, na tsere da ƙafa ɗaya ba takalmi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Na ce, "Akwai mata biyu."

Dattijon ya juyo ya dube ni. Kallon da ya yi mini ya isa.

Dole na koma, amma kada ka ɗauka jarumta ce ta sauko mini. Na tuna ruwa da lantarki ba sa shiri, ga motar ta jiƙe sharkaf, in na taɓa ƙarfen ƙofa ƙila nan zan bushe. Saboda haka na ari sandar makiyayin. Na lallaɓa na tsaya nesa, na miƙa hannu, na ƙwanƙwasa gilashi da bakin sanda, ƙwas ƙwas, kamar mai taɓa maciji ya ga ko ya mutu.

Sai a nan na lura gilashin gaba ya washe tar. Ina hango komai. Inna Hanne ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Hajiya na zaune yadda na bar ta, carbinta a hannu.

Gilashi ya sauka. Hajiya ta dubi ƙanwarta ta ce, "Hanne, ce mashi ya shigo, ruwa na dukanshi."

Inna Hanne ta ce, "Wai ka shigo." Da ƙyar maganar ta fito.

Na mayar wa dattijo sandarsa, na dawo na zauna ina ɗiga. Iska mai sanyi tana busowa ta ƙasan gilashin gaba. Murfin kula kuwa an mayar da shi an ɗaure da ɗankwali. Ashe ramin da muka faɗa ne ya zame shi, tururin farfesu ya taso, ƙaurin kuma na babbakar kan rago ne.

Hajiya ta ci gaba, murya ƙasa-ƙasa, tana kallon taga. "Ce mashi gumi ne gilashin ya yi, irin na murhin tukunya. Ce mashi ya bar esi kunne, shi ka shanye danshin. Wancan mai lanƙwasassar kibiya kuma kada ya ƙara taɓa shi in ana ruwa, numhwashinmu yake ta juya muna, ba ya barin iskar waje ta shigo. Ga wani can mai hoton gilashi da kibau ukku, shi ka tura iska sama. In bai washe da wuri ba a ƙara ɗumi kaɗan. Haka Kabiru ke yi in zai kai ni asibiti Kano."

Inna Hanne ta juyo ta ce, "Ka dai ji." Ita ce ta daddanna su da yatsanta mai lalle, Hajiya na nuna mata daga baya, lokacin da nake can ina tseren gona.

(Ban gaya maka darasin da nake koyarwa a makaranta ba ko? Kimiyya. Da hannuna nake zana wa yara yadda tururi ke komawa ruwa in ya taɓa abu mai sanyi. Har jarrabawa nake ba su a kai.)

Haka muka ƙarasa Kaikai. Tsoron wuta ya tafi, wanda ya fi shi ya zo. Gidan suna cike yake da dangin matata, kuma na san kafin a raba waina labarina ya zaga kowane ɗaki. Muna tsayawa mata suka fito tarya, suka gan ni jiƙe, taɓo har gwiwa, hula a cukurkuɗe, ƙafa ɗaya ba takalmi. Uwar mai jego ta ce, "Subhanallahi, mi ya samu Malam?"

Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Sai na ji Hajiya ta ce, "Motar ce ta ɗan ba mu tsoro a hanya, ya hita cikin ruwa saboda mu. Ku samo mashi riga."

Ka ji fa. Ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta faɗi gaskiya ba. Nan aka shiga sa mini albarka. Aka kawo mini riga da takalmin maigidan, aka zubo mini farfesun nan, wanda har yau ba na son jin ƙamshinsa. Inna Hanne tana daga gefe, duk sanda muka haɗa ido sai ta kama tari.

Wata uku ina cin wannan yabon. Duk wanda ya ce "Allah ya biya ka abin da ka yi wa Hajiya", sai in ce amin, alhali na san gaskiyar abin. Da abin ya ishe ni, wata ranar Lahadi da hantsi Zainabu tana tsince shinkafa a tsakar gida, na ja kujera na zauna na kwashe komai na faɗa mata. Gudun, tsamiyar, sandar, ban rage ko ɗaya ba. Na gama ina jiran kuka ko faɗa.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ai tun ranar Hajiya ta gaya mani."

Na ce, "Tun ranar?"

"Tun ranar. Ta ce kada in nuna maka na sani, sai in kai ka kawo maganar da bakinka. Ta ce gudu kam ka yi shi, ba ta san kana da sauri haka ba. Amma ka dawo kana rawar jiki, kana ganin mutuwa za ka tarar, kuma ka dawo ɗin. Ta ce wannan ta riƙe." Ta watsar da tsakuwa ta ƙara da cewa, "Ni dai da ni ce, da sandar zan riƙe."

Yanzu na san maɓallan nan uku kamar sunayen 'ya'yana, kuma in ƙaramin yaro ya ce zai nuna mini abu, zama nake yi in saurara. Sai dai babban abin da na koya bai shafi mota ba. In ka ji ana yabonka da natsuwa, kada ka yi saurin amsa amin. Mai yiwuwa ba a taɓa buɗe kular farfesu a bayanka ba ne kawai.