Yadda Ake Sa Alhaji Isyaku Ya Tada Janareto

Ke da kika sauka a masaukin Alhaji Isyaku na Gyaɗi-Gyaɗi, jarrabawar aikin jinya na jiran ki gobe ƙarfe takwas, farin yunifom ɗinki kuma ya yamutse kamar akuya ta tauna, ga shi babu wuta: bi matakan nan, tabbas za ki shiga a goge.

1. Kada ki yi musu da allon ƙofa
An rubuta wuta da ruwa awa ashirin da huɗu. Alhaji bai yi ƙarya ba, lissafin wata guda ne. Shi a wurinsa fada ya gina. Ke kuwa katifa kika gani mai rami a tsakiya. Ki daure. Mun kwana a inda ya fi nan.

2. Kada ki roƙa
Talatu 'yar ajinmu ta gwada. "Alhaji, don Allah a tada janareto minti goma, guga zan yi."
"'Yata, injin nan sai babban baƙo. Sa rigar ƙarƙashin katifa ki kwana a kai. Da haka muka je ɗaurin aurenmu."
Ta bi shawara. Rigar ta fito da siffar ramin, malamar da ke duba shiga ta maido ta daga bakin ƙofa.

3. Fito da abin awon hawan jini
Bayan la'asar ki zauna a baranda, ki aje shi a cinya, kada ki kalli kowa. Ba a haifi Alhajin da zai wuce bai naɗe hannun riga ba.
"Likita, ɗan duba ni mana."
Kada ki gyara masa. Shekara uku kina karatu, kin ci sunan na yini ɗaya.

4. Ɓata fuska
Auna, yi shiru, sake aunawa. "Baba, zafi na ɓata awo. Sai ka kishingiɗa ƙarƙashin fanka rabin awa, ban da magana."
Da kansa zai ja igiyar injin, har da gudu. Rabin awa ya ishe ki gugar riga, siket, hijabi da cajin waya.

5. Gaya masa gaskiyar awon
In jinin ya hau, tura shi asibiti. Ilimi gare mu, ba damfara ba.

Gargaɗi: in da safe kika tarar da matan gidansa, direbobi da 'yan adaidaita sun ja layi daga ƙofarki har titi, kowa na "Likita, ni ne farko", ba ruwana, kada a neme ni. Ni dai ta katangar baya na dira, kuma ko lanƙwasa rigata ba ta yi ba.