Rasuwar Gertie, Wadda Gaskiyar Delbert Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ma ya samu wurin zama a cikinta ya miƙe ƙafa, ni Lorna Whitlock, matar marigayi Merle Whitlock, nake sanar da 'yan'uwa masunta na wannan dam namu, da masu zaman shan kofi a shagon Opal, da duk wanda ya tsaya gaban wannan allo yana karatu, rasuwar Gertie, na'urar saukar da ƙugiya da ke ɗaure a gefen dama na kwalekwalena. Wa'adinta ya cika ranar Talata, ashirin da shida ga Agusta, da misalin ƙarfe bakwai da kwata na safe, a ruwan Tsohon Lambu. Ta bar duniya tana da shekara talatin da ɗaya. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, ba kuma tsatsa ba. Mutum ne, kuma sunansa na nan tafe, kada kowa ya yi gaggawa.

An haifi marigayiya a garejin gidanmu, a wani lokacin sanyi da ƙanƙara ta hana Merle fita aiki har sati biyu. Da ƙarfen tsohon gado ya yi mata hannu, ya naɗa mata waya ƙafa ɗari biyu, abin murɗawarta kuwa daga injin niƙa naman mahaifiyarsa ya kwance shi, tsohuwar ba ta sani ba har ta koma ga Mahaliccinta. Aikin Gertie ɗaya ne, kuma ba ta taɓa raina shi ba. Idan zafin bazara ya dafa saman ruwa, kifayen nan, kokani da cinuk, suka gudu can ƙasa inda sanyi yake, ita ce ke ɗaukar dunƙulen dalma mai laba goma, da zaren fatsata maƙale a jikinsa, ta sauke su daidai bakin kifi, ta riƙe su a can ina jan kwalekwale a hankali.

Ba ta cin batir, ba ta da allo mai walƙiya irin na 'yan zamani. Ko agogon ƙirga zurfi ba ta da shi. Merle ne ya bi wayarta da jan farcena, ɗigo ɗaya a kowace ƙafa goma, duk shekara idan sanyi ya wuce aka koma kamun kifi sai ya sabunta, ina yi masa tsiya cewa ya fi ni cinye kwalbar. Na ƙarshe da ya ɗiga shekara uku ke nan, hannunsa na rawa, ɗigon duk ya karkace. Tun da ya rasu ban ɗora wani a kai ba. Sun dushe, amma ina karanta su ko ba tabarau.

Waɗanda suka yi zama da ita za su shaida ba mai yawan surutu ba ce. Idan tana sauka takan ce kir-kir-kir, a natse, ba ta tsallake haƙori ko ɗaya. Idan gudun kwalekwale ya yi daidai sai wayarta ta ɗauki wani zuuu mai taushi a cikin ruwa, in na yi sauri ta sirantar da murya, ni kuwa in rage wuta ba musu. Kalmarta da na fi so ita ce ƙwas, lokacin da kifi ya fizge zare daga bakinta. Da ƙwas ɗin nan ta ba mu kokanin da ya cika mana firji bazara talatin, da shi kuma ta ba ni cinuk mai laba goma sha tara wanda hotonsa ke manne a bayan kantar Opal. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, kuma ba a neme ta da yin hakan ba, domin ƙarya aikin mutane ne.

Yanzu sai maganar ciwon ajali, kuma dole in faɗi abin da kowa a nan ya sani amma ba a rubutawa. A wannan ruwa ba a gaya wa masunci gaskiyar zurfi. Ka tambayi wanda kifi ke ci masa ƙugiya a ƙafa nawa yake, zai amsa maka da fara'a ya shara maka ƙarya, kai ma ka gode masa ka koma ka yi naka lissafin. Ba mugunta ba ce. Wanda kake tsoron ya fi ka kamu shi kake ɓoye wa. Baƙi masu kwalekwalen haya, waɗanda ke zuwa da rigar ceto sabuwa fil da ayaba a cikin jaka, su ake gaya wa gaskiya, saboda ko an gaya musu ba abin da za su tsinana.

Delbert Pruitt abokin Merle ne tun suna firamare, shi ne babban aboki ranar ɗaurin aurenmu, shi ne kuma ya cinye gasar ƙarshen bazara sau huɗu a jere, abin da ba ya bari kowa ya manta. Ƙaryar Delbert ta fi agogon coci tsayawa kan ƙa'ida. Ƙafa ashirin yake ragewa, ba ƙari ba ragi. Ranar da aka fara ɗaura Gertie a kwalekwale Merle ya koya mini cewa duk abin da Delbert ya faɗa in ƙara ashirin, kuma shekara talatin da ɗaya wannan lissafi bai taɓa ba ni kunya ba. Na dogara da ƙaryar mutumin nan fiye da yadda na dogara da gaskiyar wasu.

Ranar Talatar nan sati uku ke nan ban saka ko ƙaya a cikin koma ba. Manoman kwari sun janye ruwa sosai, gaɓa duk ta koma jan laka, kifi ya canza mazauni bai bar sallahu ba. Ina ja ta gefen Tsohon Lambu, inda itatuwan gonakin da dam ya haɗiye suke tsaye a ƙasa har yau, sai na hango Delbert yana ɗaga kifi na uku. Na haɗiye girman kaina na ɗauki oba-oba.

"Delbert, tsohon banza, a ƙafa nawa kake?"

Ya ɗan yi jim. Da a ce ina cikin hayyacina da shirun nan ya ishe ni gargaɗi, domin Delbert bai taɓa tsayawa tunani kafin ya yi ƙarya ba.

"Sittin da biyar, Lorna."

"Na gode, maƙaryaci," na ce masa, kamar kullum.

Na ƙara ashirin. Gertie ta ce kir-kir-kir, ɗigo takwas suka wuce cikin ruwa, na tsaya a rabin hanyar na tara. Ba ta yi mini gardama ba, ba halinta ba ne. A watan Yuni da ƙafa tamanin da biyar ba komai ba ce a wurin nan, amma a ƙarshen Agusta, da ruwa ya ja baya, kawunan itatuwan suna ƙafa saba'in da biyar. Kifin kuwa yana sittin da biyar, daidai inda mutumin ya ce.

Jinyar ba ta kai minti biyu ba. Dalmar ta shige cikin reshe ta yi zamanta, zuuu ɗin nan mai taushi ya koma ƙiiii, wata murya da ban taɓa jin ta yi ba. Kwalekwale ya karkata, kofina ya kife, ƙarfen gadon Merle ya fara lanƙwasa ina kallo. Kowane masunci ya san maganin wannan: a yanke waya, a yi asarar dalma, a tsira da na'ura. Almakashin yana hannuna na dama. Na buɗe shi na ɗora a kan waya, sai ga karkataccen jan ɗigon nan kusa da bakinsa. Ban yanke ba. Wanda ke ganin laifina ne ya zo ya faɗa a gabana, ya san inda nake ajiye mota. Kusoshi huɗu suka tsinke daga katako lokaci ɗaya, ɓarak, sannan tsulum. Kalmarta ta ƙarshe ke nan. Da na dawo hayyacina sai na ga ƙullin katakon abin murɗawarta a hannuna na hagu, shi kaɗai ya rage.

Wanda ya yi kisan bai gudu ba. Ya matso da kwalekwalensa, ya cire hula, ya tambaye ni me ya kai ni tamanin da biyar.

"Kai ka kai ni! Ka ce sittin da biyar!"

"To ai sittin da biyar ɗin ne. Na rantse miki, Lorna, gaskiya na gaya miki."

"Gaskiya? Ni? Me na yi maka, Delbert?"

"Haba, 'yar'uwa. Sati uku ina kallonki kina dawowa hannu wofi, ke kaɗai a cikin kwalekwalen nan, ba Merle. Sai na ji tausayinki."

Ina so jama'a su karanta wannan jimla sau biyu. Ya ji tausayina. Ni da na fara jan fatsa a ruwan nan tun yana da gashi a ka, ni da hotona ke bayan kanta nasa kuwa yana kusa da ƙofar banɗaki, ya dube ni ya ga wata tsohuwa abar tausayi, ya saka ni layi ɗaya da masu ayaba. Rashin Gertie ya yi mini ciwo, na yi kuka a mota har gilashi ya yi hazo, ba na ɓoyewa. Amma wannan kalma ta fi kusoshin nan huɗu tsinka ni. Opal ta ce in yi haƙuri, wai da kyakkyawar niyya ya yi. Na ce mata kyakkyawar niyyarsa tana ƙafa saba'in da biyar a ƙasa, rataye a jikin itacen tuffa, ta je ta gaishe ta. Washegari Delbert ya aje mini sabuwar na'ura mai batir a bakin ƙofa, da kati. Tana nan inda ya bar ta, kare na ɗaga mata ƙafa safe da yamma.

Marigayiya ta rasu ta bar sandunan fatsa biyu, waɗanda yanzu ba su da mai kai su ƙasa. Ta bar komar da ta bushe, da fulas ɗin kofi mai lotsattsen gindi, da ramuka huɗu a gefen kwalekwale da na hana kowa toshewa. Ta bar rabin kwalbar jan farce da ya daskare. Ta kuma bar ni, da wani sirri da na riƙe shekara goma sha ɗaya, tun ranar da Merle ya dawo daga kamun kifi tare da Delbert, ya kasa riƙe bakinsa ya gaya mini. Na riƙe shi ne saboda tsakanin abokan hamayya akwai amana. Tun da yanzu an nuna mini ni ba abokiyar hamayya ba ce, kuma gaskiya ta zama abin yayi a dam ɗin nan, to ni ma ga tawa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, talatin ga wata, da ƙarfe shida na safe. Na san ranar gasa ce, ba kuskure na yi ba. Tun da babu gawa, ba za a taru a Tsohon Lambu ba. Za a taru a wurin da marigayiya ta daɗe tana sha'awar ziyarta kunya ta hana ta, wato ramin kifin da Delbert ke ɓoyewa, inda ya ciro kofunan gasarsa huɗu, inda kuma tun watan Yuli yake lallaɓa wani ƙaton cinuk da yake kira nasa. Ga kwatance ga masu rakiya: ku wuce tsagaggen dutse, ku saita ƙonannen itacen da ke kan tudu da turken lantarki na uku, ku ja zuwa gabas. Gudu mil ɗaya da ɗigo uku a awa. Zurfi ƙafa saba'in da biyu, kuma kada wanda ya ƙara ko ya rage, ni ce na faɗa.

Maimakon furanni, ana roƙon kowa ya zo da farar masarar gwangwani don bakin ƙugiya, a jiƙa ta tun ranar Alhamis yadda Delbert ke yi a ɓoye: man gwangwanin kifin tuna, tafarnuwa ƙwaya uku a daka, da cokali ɗaya na jan maganin tari na yara. E, maganin tari. Shi ya sa kuke ganinsa a kantin magani duk bazara alhali ko atishawa ba ya yi. Ana gayyatar kowa da kowa, har da baƙi masu kwalekwalen haya, su zo da 'yan'uwansu da ayabarsu. Opal ta buga wannan takarda kwafi sittin, ban gaya mata abin da ke ƙarshenta ba.

Ni zan kasance a gaba, ba fatsa, da ƙullin katako a aljihu. Idan rana ta taɓa kan tudu zan zuba wa ruwa kofi ɗaya na kofi baƙi, yadda Merle ke sha, a yi shiru na minti ɗaya, sannan kowa ya sauke dalmarsa. An tanadar wa Delbert Pruitt wuri a tsakiya, inda zai ga komai da kyau.

Bayan an watse zan ɗauki oba-oba in sake tambayarsa a ƙafa nawa yake. In ya yi mini ƙarya, na yafe masa.