Mangwaron Ladan Ya Tafi Rangadi

Jiya na bar babur ɗina a layin mai na Kaura Namoda, na taka har Kasuwar Daji da ƙafa, don kawai an ce Mai Girma Babban Mai Tsoron Hamada zai ƙaddamar da dashen itatuwa a zauren masu sana'ar hannu na garin. Na ce ko ban samu mai ba, na samu inuwa.

Ga wanda bai san zauren ba, fili ne da katanga, inda mata ke tsince ledar da ta cika gonaki suna saƙa jakunkuna da ita. Rana ce matsalarsu, don ko reshe babu a wajen. Shi ya sa Ladan, tsohon makaɗi da ya rataye kalangu tun zuwan Shari'a, ya raini dashen mangwaro a fasasshen tulu, yana ba shi ragowar ruwan alwala.

Mai Girma ya iso da jerin motoci, kowace cike da mai, amma ba wanda ya tuna ya zo da dashe. Nan take aka ari na Ladan. Aka haƙa, aka dasa, aka ɗauki hoto, muka yi kabbara. Mai hoto na juya baya sai wani mai babbar riga ya tuge mangwaron ya kai bayan mota.

Ladan ya bi shi yana cewa, "Ranka shi daɗe, ina za a kai min icce?"

"Shinkafi na jira, daga can sai Zurmi. Ko kai ɗai ka son ci gaba?"

Ni dai na yaba. Wannan shi ne tattali, a dasa itace guda a garuruwa uku, rediyo ta ce an yi daji. Mangwaron da ko bakin kasuwa bai taɓa leƙawa ba ya ga ƙananan hukumomin da ni da furfurata ban gama gani ba.

Yau da hantsi aka dawo wa Ladan da abinsa, ba ganye, ba saiwa, kamar asuwaki. Ya juya shi a hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ramin ƙarya ƙurarre ne amma namu manyan har rumfa suke kafawa a ciki.

Kada dai a ce ban faɗi alheri ba. Sun bar mana ƙaton allon ƙarfe mai shelar cewa an kori hamada daga nan. Na tarar da Inno, shugabar masu saƙa, ta ja tabarmarta gindinsa.

"Inno, ya inuwar gwamnati?"

"Ta ishi mutum guda in ya takure," in ji ta. "Ladan ya ce shi kam ba ya bai ma allo ruwa, kar shi yi kyau su zo su ɗauke."